A Bar Mai Rakiya Ta Shiga Ɗakin Haihuwa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan asibitocin haihuwa a nan Sudan, da yadda ake bin ƙa'idojin karɓar haihuwa ko ake take su. Ni tsohuwar ungozoma ce, 'yar wani ƙauye a bakin Shuɗin Nilu kusa da Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Na yi makarantar ungozomomi, na ɗauki akwatina na ƙarfe na yi ta bin gidaje har gwiwa ta gaza. Da Sinja, babban birnin jiharmu ta Sinnar, ta faɗa hannun mayaƙan RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a ƙarshen watan Yunin 2024 muka biyo ayarin masu gudu, yanzu muna Gadarif. Na daina karɓar haihuwa, amma duk yarinyar unguwarmu da naƙuda ta kama cikin dare, ƙofata ake bugawa in yi rakiya. Ɗan ƙanena da ya yi karatu a Kano ne ke rubuta wannan da boko ni ina faɗa, domin mu nan da baƙaƙen Larabci muka tashi.

Magana ɗaya ce ta kawo ni. Ƙa'idojin kula da mai haihuwa da jaririnta ba ɓoyayyu ba ne, kuma yawancinsu ba sa cin ko fam ɗaya. Abin da suka rasa shi ne mai sa ido a kansu da ƙarfe uku na dare. Mai sa idon kuwa tana nan, tana zaune kan tabarma a waje da fulas ɗin shayi da ƙullin tsummokara, mai gadi ya hana ta shiga. Ina nufin uwar mai naƙuda, ko yayarta, ko gwaggonta. A koya wa wannan mata abin da ya wajaba a yi wa 'yarta, da harshen da take ji, sannan a buɗe mata ƙofa.

Na san abin da za a fara ce min, yaƙi. Ban raina wannan uzuri ba, don a jikina na ji shi. Tun daga 15 ga Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗin cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na asibitocin yankunan da ake faɗa sun daina aiki. Asibitin Dayat na Umdurman, wanda aka buɗe a 1957 kuma babu kamarsa wajen haihuwa a ƙasar nan, yaƙi ya rufe shi. Likitocin da suka gudo daga Khartum suka taru a Wad Madani, ita ma ta faɗi a Disambar 2023 suka sake watsewa. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ƙirga mata 46 da suka rasu wajen haihuwa a asibitoci biyu kacal, na Niyala da na Kas a Kudancin Darfur, daga Janairu zuwa Agustan 2024, kuma abin da ya fi kashe su shi ne ƙwayoyin cuta da suka shiga jini saboda haihuwa cikin ƙazanta. Na Alfashir kuwa baki ba ya iya faɗa: a Oktoban 2025 an ba da labarin kashe mutum sama da 460 a cikin asibitin haihuwa na Saudiyya, majinyata da masu jinyarsu. Allah Ya jiƙansu. Mu nan gabas ba a jefa mana bam a ɗakin haihuwa ba, amma jama'ar Khartum da Aljazira da Sinnar duk sun sauka a kan gadajen da tun asali ba su ishi mutanen gari ba, ga kwalara ta 2024 ta zo ta ƙara, ga ma'aikata sun yi wata da watanni ba albashi. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance.

Sai dai ni na yi aikin nan tun ana zaune lafiya, kuma ba zan yarda a ɗora wa yaƙi kayan da ba nasa ba. Ƙidayar gidaje da aka yi a 2014 ta nuna cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 33 ba sa cika wata guda. A lokacin kusan mata bakwai cikin goma a gida suke haihuwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ce mata 270 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000. A lokacin wannan yaƙi bai ɓarke a Khartum ba.

Ka duba abin da ƙa'ida ta ce a yi wa jariri in ya faɗo, ka gaya min wanne ne a ciki yake jiran jirgin agaji. A goge shi nan take da busasshen zani, a jefar da jiƙaƙƙen, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a rufe masa kai. Kada a yi gaggawar yanke cibiya, a jira minti 1 zuwa 3 jinin mabiyiya ya gama shigar masa. A sa shi a nono kafin sa'a guda ta cika. Kada a yi masa wanka sai bayan sa'a 24. In bai yi kuka ba bayan an goge shi an murza masa baya, a ɗora masa 'yar robar nan ta hura iska kafin minti ɗaya ya wuce, ita kuwa da hannu ake matsa ta, ba ruwanta da lantarki. Allurar bitamin K da man ido su ne kaɗai ake saye a cikin jerin. Ita ma uwar, a saurari bugun zuciyar ɗa kowane rabin sa'a da ɗan ƙahon nan na sauraro, in ta fara yunƙuri kowane minti 5. A duba ta ciki sau ɗaya cikin sa'a huɗu, ba kowane ɗalibi ya zo wucewa ya sa hannu ba. Kada a hau mata ciki ana dannawa. Kada a yi mata ƙari don kawai haihuwar fari ce. A wanke hannu. Bayan ta haihu ta kwana a asibiti, sa'a 24 cif, kafin a sallame ta.

Bari in ba ka abin da idona ya gani a wani asibiti, ba zan faɗi sunansa ba, don ba shi kaɗai ke yi ba. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin nan ke haura digiri 40. 'Yar maƙwabciyata ce, haihuwar fari, an aurar da ita a wani ƙauyen manoma wajen iyakar Habasha, Larabcinta bai wuce na gaisuwa da cefane ba. Muka ɗauko ta a raksha, wato keke mai ƙafa uku. A bakin ƙofa mai gadi ya tare mu: "Hajja, doka ce, masu rakiya a waje." Aka shige da ita ita kaɗai tana waiwayen uwarta. Aka miƙo wa mijin takarda: safar hannu, ledar ƙarin ruwa, allurar sa ruwan, zaren ɗinki, auduga. Ya yi ta zagayen shagunan magani, ga kuɗinsa a waya cikin Bankak amma layi ya ɗauke. Can wajen tsakar dare wata sista dattijuwa ta leƙo ta gane ni, ta ce, "Ke ba ungozoma ba ce? Shigo ki kama min."

Na tarar yarinyar ta riga ta haihu. Jaririn yana can kan farantin ƙarfe, tsirara, jikinsa bai bushe ba, an ta da janareta fanka na kaɗa shi. Na taɓa tafin ƙafarsa na ji sanyi ƙalau. Mutane ba sa yarda cewa jariri zai iya yin sanyi a bazarar Sudan, alhali jiƙaƙƙen jariri a gaban fanka zafin jikinsa zubewa yake yi cikin 'yan mintoci. Sistar ita kaɗai ce a kan mata cike da ɗaki, tana can ƙarshen ɗakin wajen wata da kan ɗa ya riga ya leƙo. Na sunkuya kan tamu, sai ta ce min a hankali, "Inna, duhu-duhu nake gani." Ta ce tun ɗazu take faɗa. Da Hausa take faɗa, ba wanda ya ji ta. Na ɗaga zanin, ledar da ke ƙarƙashinta ta tara jini har yana gangarawa bayan gado ta inda mai wucewa ba zai gani ba. Na dafa mararta. Mahaifar da ta haihu lafiya tauri take yi kamar goruba a ƙarƙashin hannu, wannan kuwa laushi tiɓis. Na shiga murzawa ina ƙwala wa sista kira.

Allah Ya saka wa matar nan da alheri, da gudu ta zo, kuma ta san aikinta. Ta ja durowa ta ɗauko allurar oksitosin, wadda mu a bakin aiki muke ce wa sinto, daga cikin wani gwangwanin alewa. Ta miƙo min in fasa, na ji kwalbar da ɗumi a tafin hannuna. Ta yi ɗaya shiru, ta ƙara a cikin ruwa, ta haɗa da ƙwayoyin misofrostol, sannan mahaifa ta kama. Yarinya ta rayu, ɗanta ma mun ɗora mata shi a ƙirji ya yi ɗumi ya kama nono.

Ba wata gwaninta na yi ba, Malam Edita. Ɗaga zani ne, da dafa mara, da ɗaga murya. Uwar yarinyar nan da ke zaune a waje tana jan carbi za ta iya duka ukun in an nuna mata sau ɗaya, kuma ita da 'yarta ta ce "duhu nake gani" za ta ji tun karon farko. Sistar ma ba zan ga laifinta ba, hannu biyu Allah Ya ba ta. Laifin yana wajen wanda ya bar ta ita kaɗai, sannan ya sa doka a ƙofa ya kore hannayen da za su taya ta kyauta.

Zan ɗan daɗe a kan zubar jini, don shi ne ya fi cin mata a duniya, kuma shi ne ya fi saurin kisa. Ƙa'ida ta ce kowace mace, da zarar ɗa ya fito, a yi mata oksitosin cikin minti ɗaya, ba sai an ga jini ba. Amma ita wannan allura sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Tana jure ɗan lokaci a waje, ba ta jure watanni cikin durowa a zafin Gadarif ko Kasala. Ƙarfinta raguwa yake yi, kuma ba a gani da ido, kwalbar tana nan garau. Sai a rubuta a rajista an yi allura, mai duba rajista ya ce an bi ƙa'ida, alhali ba a san abin da ya rage a cikin kwalbar ba. Sau da yawa akwai firjin rigakafin yara mai aiki da hasken rana a cikin asibitin, an kulle shi da kwaɗo, mai makullin ya tafi gida. Akwai kuma maganin da zafi ba ya lalatawa, irin misofrostol in ledarsa ba ta huje ba, da wata allura kabetosin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2018. Ƙasa mai zafi irin tamu, wadda wutarta ke ɗaukewa kullum, ita ya kamata ta fi kowa nemansu.

Sannan a kan jinin haihuwa karin maganar nan tamu ba ta ci ba, wai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Bai sani ba. Zani yana sha, katifa tana sha, wani yana bin ƙasa, ungozoma ta duba ta ce kaɗan ne. Iyakar da aka sa ita ce rabin lita, mililita 500. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, kuma cikin jagororinsa akwai 'yar gida, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano. Wata leda ce mai aljihu da zanen awo ake shimfiɗa wa mace, jini ya taru a ciki a riƙa karantawa. Da ya kai iyaka sai a haɗa komai a lokaci ɗaya: murza mahaifa, oksitosin, allurar tiraneksamik, ƙarin ruwa, da neman inda jinin ke fitowa, maimakon a gwada ɗaya a zauna jira. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari. Da labarin ya iso mana na ji daɗi har raina, na kuma ce to ai ledar ma sai da mai kallonta. Zanen awo ko wadda ba ta shiga aji ba za ta gane in jini ya haye shi.

Yanzu ga yadda ake auna bin ƙa'ida a wurinmu. Ana sanar da zuwan masu duba asibiti tun da sauran kwanaki. Ranar sai ka ga an shafe bango, an fito da zannuwan gado daga sito, ga sabulu a bakin famfo, ga jar fayil a kan tebur. Akwai takardar bin naƙuda da ake ɗiga alama a kanta lokaci-lokaci don a gane in haihuwa ta tsaya. Na sha ganin ana cike ta bayan an haihu, daga sama har ƙasa a zama ɗaya, da biro ɗaya, layi ya tafi sambal yadda babu naƙudar da ke tafiya haka. Baƙi su buɗe su gyaɗa kai, a sha shayi, a ɗauki hoto. Da la'asar sabulu ya koma sito.

Kuma ba mu kaɗai takarda ta yaudara ba. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 29 da za a riƙa dubawa a kan kowace mai haihuwa. Aka gwada shi a jihar Uttar Pradesh ta Indiya a asibitoci 120, ana tura masu horarwa suna tsayawa kan ma'aikata. Sakamakon ya fito a 2017: ma'aikata sun ƙara bin ƙa'ida, amma mutuwar uwaye da jarirai ba ta ragu ba, kuma da masu horarwar suka janye sai aiki ya fara komawa gidan jiya. Abin da ni na ɗauka a ciki shi ne, jerin ba ya maye gurbin jini da tiyata da motar kai majinyaci, sannan mai sa idon da zai zo ya tafi ba ya wadatarwa. Mai rakiya ita ba ta tafiya ko'ina, ba ta neman alawus, kuma ba a sanar da zuwanta.

Wannan ba ra'ayin tsohuwa ba ne kawai. Manyan ƙa'idoji takwas da hukumar ta fitar a 2016 don ingancin kula da uwa da jariri a asibiti, uku daga ciki ba su shafi magani ba sam: a yi wa mace bayanin da za ta fahimta, a kiyaye mutuncinta, a ba ta wanda zai kwantar mata da hankali. A 2018 ta sake fitowa fili ta ce kowace mai naƙuda a bar ta da wanda ta zaɓa ya zauna da ita har ta haihu. Ashe dokar mai gadi ita kanta karya ƙa'ida ce. Kuma ta yaya za a yi bayanin da mace za ta fahimta in ita Hausa take ji, ko Fulatanci, ko Bijanci, ma'aikaciya kuma tana daka mata tsawa da Larabci? Mu Hausawan ƙasar nan dama da ɗari-ɗari muke shiga ma'aikatun gwamnati, ballantana bayan rikicin ƙabilanci da ya rutsa da mu a Damazin da Rusairis da Wad Almahi a 2022. Yarinya ta ga an harare ta sau ɗaya, ta ja bakinta ta yi shiru ke nan, ko jini zai ƙare.

Wani zai ce tsofaffin ƙauye ba za su koyu ba. Ya je ya tambayi tarihin sana'armu. Makarantar ungozomomi ta Umdurman da Mabel Wolff ta buɗe a 1921, matan da ba su iya karatu ba ta ɗauka. Da launi da wari da ɗanɗano aka koya musu bambance magunguna, aka ba su akwati suka koma garuruwansu, kuma daga cikinsu aka sami irin su Sitt Batul Muhammad Isa da har yau ake ambato. In an iya mai da waɗancan ungozomomi, ba za a kasa koya wa mai rakiya abu biyar ko shida a ranar awon ciki ba: jini in ya jiƙa zani, mara in ta yi laushi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska waɗanda ke gabatar jijjiga, zazzaɓi, jaririn da ya ƙi nono ko yake numfashi sama-sama ko ya yi sanyi. Ita jijjiga maganinta sananne ne, magnesiyam salfet, mai araha, amma sai an auna hawan jini tukun. Mai rakiya tana iya tambaya cikin ladabi, "Sista, an auna ta kuwa?"

Uzurin ma'aikata guda biyu na yarda suna da nauyi. Na farko ɗaki ɗaya ne, gadaje a jere, matan mutane a buɗe. To mace za a shigar, guda ɗaya, ba miji ba, kuma labule yadi nawa ne? Na biyu, suna cewa tsofaffinmu in sun shiga sai sun ɗura wa mai naƙuda jiƙe-jiƙe a ɓoye. Wannan gaskiya ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu ne masu sulluɓe jariri da ruwa da sabulu tun bai huce ba don kada ya yi ƙarni. Mu ne masu matse dakashi mu zubar wai ƙazanta ne, mu cika cikin yaro da ruwa, alhali dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko. Taɓa masa dabino a ganɗa daban, ɗura masa ruwan randa a shekarar kwalara daban. Mu ne masu gasa cibiya mu barbaɗa mata toka ko kwalli, ta nan cutar sarƙe haƙora ke shiga. Mu ne masu kiran wanzami ya cire belu da aska ɗaya ta unguwa. Kunun kanwa da wankan jego da tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, mu kuma muka ɗauko al'adar muka tsallako da ita har bakin Nilu. Ga kunyar haihuwar fari, yarinya ta wuni tana murƙususu a ɗaki ba za ta faɗa ba sai faya ta fashe.

Amma ka lura, duk waɗannan a gida ake yinsu, bayan sallama ko kafin a zo. Tsohuwar da aka bari a waje ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba, gobe za a miƙa mata jariri ta tafi da shi ta yi abin da ta gada, kwana arba'in a hannunta yake. Wadda aka shigar ta ga an ɗora ɗa a ƙirji ya yi ɗumi, sista ta ce mata ga dalili, ita ce za ta je ta hana sauran. Har bakwaini ma haka ne. Muna ta kukan babu kwalbar sa jarirai, in akwai ma babu wuta. Tun 1978 likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya suka fara ɗaure ɗan da bai kai nauyi ba a ƙirjin uwarsa dare da rana, yau kuma ita ce ƙa'idar duniya ga jaririn da bai kai kilo 2.5 ba. Wa zai koya wa Bahaushiya goyo? Juyo shi kawai za a yi daga baya zuwa gaba, fata da fata. In uwar ta gaji ko tana ɗakin tiyata, kaka ce za ta karɓa, in an bar ta ta shiga.

Maza kuma ga naku a gurguje. Lokacin yankan riɗi da dawa kuna can gonaki, damina kuma laka ta rufe hanya sai tarakta. Tun ciki na wata bakwai ku bar izini a bayyane cewa in an ce tiyata a yi, ku ajiye kuɗin mota, ku san 'yan'uwa biyu da za su ba da jini. An sha rasa mace ana neman mai sa hannu a waya. Gwamnati ta yi shelar tiyatar haihuwa kyauta tun 2008, amma wanda ya riƙe takardar sayayyar nan a hannunsa ya san inda kyautar ta tsaya, don haka kada ku dogara da ita.

Abin da nake nema wajen Ma'aikatar Lafiya, ta tarayya da ta jihohi, ba shi da yawa. A ba da umarni a rubuce cewa kowace mai naƙuda tana da mace ɗaya da za ta shiga da ita, a manna shi inda mai gadi zai gani. Masu duba asibiti su daina aiko da saƙo, su zo da dare, su taɓa kwalbar sinto da hannunsu, su tsaya su ga haihuwa ɗaya daga farko har ƙarshe. In mace ta rasu, Allah Ya kiyaye, kwamitin da ke bin diddigin mutuwar ya kira wadda ta rako ta ya ji daga bakinta ƙarfe nawa suka iso, ƙarfe nawa aka duba ta. Mun yarda kwana ne ya ƙare, amma wannan bai hana tambaya ba. Sannan ungozomomin da yaƙi ya koro suna nan zube a Gadarif da Kasala da Bur Sudan, da yawansu suna jin Hausa da Fulatanci, suna sayar da shayi a bakin titi. A kira su ko da tafinta ne da zaman dare. Limamanmu da masu wa'azin mata su ma su sa baki, don maganar da aka ji a masallaci ta fi ta allon asibiti shiga.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka sa wani likita ya tsara waɗannan alamomin haɗari da haƙƙoƙin mai haihuwa a shafi guda da Hausa mai sauƙi, a buga da boko a buga da ajami, a kuma karanta shi da murya yadda za mu riƙa turawa ta WhatsApp, don yawancin matanmu da kunne suke karatu. 'Yan'uwana ungozomomi na Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram, in akwai asibitin da ya riga ya fara barin mai rakiya ta shiga a wajenku, ku rubuto ta wannan fili ku gaya mana yadda kuka yi da cunkoso da labule da masu shigo da jiƙo, domin mu sami abin da za mu riƙa a hannu in mun je gaban hukuma a nan.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ungozoma,
Gadarif, Sudan.